Gira ba ta tafiya tare da gashin kai

Mata da yawa a Kaduna da aka rubuta wa allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, saboda sankarar mama suna ɗauka cewa gira da gashin ido za su zube lokaci ɗaya da gashin kai, kuma sun tafi ke nan har abada. Ba haka ba ne. Gashin kai yakan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan allurar farko, amma gira takan daɗe, wani lokaci sai ana dab da kammala magani. Yawanci kuma tana dawowa cikin 'yan watanni bayan an gama.

To, 'yar'uwa, kina da lokacin shiri. Ki ɗauki hoton fuskarki da waya tun girar tana nan, don ranar da za ki zana ta ki san inda take. Ki sayi sabuwar jagira mai ruwan ƙasa, domin baƙa wuluk takan tona asiri.

Kwalliya ba laifi ba ce, tsabta ce abin kula. Kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura garkuwar jiki takan yi ƙasa sosai, don haka kwallin nan na gida da kowa ke tsoma masa tsinke, ki haƙura da shi. Haka ma gashin ido na kanti da ake mannawa da gam, da zanen gira na allura.

Idan hunturu ya shigo, ƙura za ta riƙa faɗa miki a ido tunda babu gashin da zai tare ta. Tabarau da man kaɗanya su zauna a jakarki.