Rashin natsuwar yaro ba kullum sangarta ba ne

Da an ga yaro ba ya zama wuri ɗaya, yana katse manya, yana mance saƙon da aka aike shi, sai a ce iyaye ne suka sangarta shi, ko ya cika shan zaƙi. Wani lokaci ƙiriniya ce kawai. Amma akwai lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato kasa tattara hankali da yawan motsi, kuma tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke girma, musamman sashen gaba mai kula da kame kai da tsara aiki. Gado yana da ƙarfi a cikinta. Sau da yawa uwa ko uba su ma haka suka taso. Sukari kuwa, bincike bai nuna shi ke haddasa ta ba.

Kusan yara 5 cikin 100 ke da ita. Likita ba ya yanke hukunci kan rikicin rana ɗaya: sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, suna bayyana a gida da makaranta duka, kuma suna hana yaron ci gaba.

'Yan mata ne aka fi tsallakewa. Da yawansu ba sa tsalle-tsalle. Shiru suke zaune, hankali ya tafi wani wuri, sai a yi ta ce musu daƙiƙai.

Duka ba ya gyara ta. Abin da ke taimakawa shi ne umarni gajere ɗaya bayan ɗaya, tsayayyen lokacin barci da karatu, da magani irin methylphenidate idan likita ya rubuta.