Mai bin Dodgers da idon ƙwallon ƙafa zai sha wahalar banza

Duk ranar da ɗan wasa ya bar ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers sai masu sharhi su rabu gida biyu, wasu su ce ya ci amana, wasu su ce ƙungiya ce ta yi masa butulci. Sau da yawa babu ko ɗaya daga ciki. Idon ƙwallon ƙafa muke ɗorawa a kan besbol, alhali a nan ba a sayen ɗan wasa da kuɗin sauya sheƙa, ba a ba da aro, ba a faɗawa ƙaramin rukuni a ƙarshen kaka. Abin da ke juya rayuwar ɗan wasa takardu biyu ne da agogo ɗaya. Wanda bai san su ba, ko ya kalli duk wasanni 162 na shekara, labarin ƙungiyarsa a bakin wasu zai riƙa jin sa.

Takarda ta farko mutum 26 ce, su ne masu sa riga a yau, kuma masu jifa a cikinsu ba sa wuce 13. A watan Satumba ana ƙara ta zuwa 28. Ta biyu mutum 40 ce, ta haɗa waɗancan 26 da wasu 14 da ƙungiya ta killace, yawancinsu suna ƙananan ƙungiyoyinta: Oklahoma City a matakin da ke dab da babbar lig (MLB), Tulsa a ƙasa da ita, sai Great Lakes a jihar Michigan. Ta arba'in ɗin nan ita ce ainihin ƙungiya. Kowace kujera a cikinta tana da tsada, domin ba a shigar da sabo sai an fitar da wani.

Wanda ke cikin arba'in ana iya saukar da shi Oklahoma City a dawo da shi ba tare da wata ƙungiya ta taɓa shi ba, amma damar nan ta shekara uku ce kawai. Idan ya yi kwana 20 a ƙasa cikin kaka guda, shekara ɗaya ta ƙone. A kaka ɗaya kuma ba a saukar da shi fiye da sau biyar. Mai jifan da aka saukar sai ya yi kwana 15 kafin a sake kiransa, mai bugu kwana 10, sai fa in wani ya ji rauni zai maye gurbinsa. Shi ya sa za ka ga yaro ya yi jifa mai kyau daren Talata, Laraba da safe an ce ya koma ƙasa, mutane su hau zagin koci. Ba laifi ya yi ba. Hannunsa ya gaji, ba zai yi amfani ba kwana biyu ko uku, kuma shi ne mai sauran damar saukarwa, sai a kawo mai sabon hannu. Tsohon da ke kusa da shi a benci, ko da yaron ya fi shi, ba ya saukuwa.

Idan damar ta ƙare kuma ana son kujerarsa, sai ka ga haruffa uku kusa da sunansa: DFA. An cire shi daga arba'in ke nan, kuma ƙungiya tana da kwana bakwai ta musanya shi ko ta baje shi a faifai gaban sauran ƙungiyoyi 29, wadda ta fi shan kashi a tebur ita ce da zaɓin farko. In babu mai so, ana iya tura shi ƙasa ko a sallame shi. Wanda ya cika shekara biyar a babbar lig yana iya ƙin sauka, ya tafi, kuma albashinsa na nan daram, domin kwantiragin besbol ba ya mutuwa don an kori mutum.

Jerin masu rauni ma yana da tarkonsa. Na kwana 10 na masu bugu ne, na 15 na masu jifa, kuma duka biyun ba sa buɗe kujera a cikin arba'in. Na kwana 60 ne ke buɗewa. To idan ka ga an mayar da wani daga na 15 zuwa na 60, kada gabanka ya faɗi, sau da yawa ciwon bai ƙaru ba, wuri ake nema wa wani. Wanda aka yi wa aikin jijiyar gwiwar hannu, wanda ake kira da sunan Tommy John, mai jifan Dodgers da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, ka cire rai da shi na wata 12 zuwa 18. Amma da kaka ta ƙare jerin kwana 60 ya rufe, dole a mayar da kowa cikin arba'in, shi ya sa farkon Nuwamba ke cike da sallama.

Sai agogon. Kwana 172 a babbar lig shi ne shekara ɗaya ta aiki. Shekara uku na farko ƙungiya ce ke yanka albashi, yawanci kusa da mafi ƙanƙanta, wanda a 2025 ya kasance dala 760,000. Daga shekara uku zuwa shida ɗan wasa na iya kai ƙungiya gaban masu sasantawa, kowa ya kawo adadinsa, su zaɓi ɗaya. Sai ya cika shida cif sannan ya mallaki kansa. Corey Seager na Dodgers, gwarzon World Series ta 2020, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, bai gudu ba. Shekarunsa shida ne suka cika a ƙarshen 2021, Texas ta ajiye masa dala miliyan 325 na shekara goma, ya ɗauka. Tun ranar da ya fara wasa ana iya lissafa lokacin da hakan zai faru. A 2023 ya sake zama gwarzon World Series, a rigar Texas.

Labarin Cody Bellinger ya fi wannan koyarwa. A 2019 ya buga ƙwallo ta fita wajen fili sau 47, aka zaɓe shi gwarzon National League, ɗaya daga ɓangarori biyu na babbar lig. A Oktoban 2020 ya buga wadda ta kai Dodgers World Series, wajen murna ya yi tsalle suka haɗa hannu da Kiké Hernández, kafaɗarsa ta goce, aka yi masa aiki. A 2021 ma'aunin bugunsa, wato kason bugun da ya yi nasara, ya faɗo .165, a 2022 .210, mutumin da ya yi .305 shekara uku baya. Ga inda ƙa'ida ta shigo: albashinsa na 2022 dala miliyan 17 ne, kuma tsarin sasantawa bai yarda a rage wa mutum fiye da kashi 20 cikin ɗari ba. Ko dai a biya kuɗin tauraro ga wanda ke bugu kamar ɗan benci, ko a ƙi miƙa masa kwantiragi a Nuwamba. Dodgers ta ƙi. Ya tafi Chicago Cubs, ya yi .307 a 2023. A ganina hukuncin bai zama wauta ba don ya farfaɗo, kuma shi ma bai zama mai laifi ba don ya farfaɗo a wani gida. Amma wanda ya daina duba sunansa ranar da ya tafi ba shi da abin da zai auna hukuncin da shi.

Dalilin bin tsofaffin 'yan wasa ke nan, ba kewa kaɗai ba. Tunda da mutum ake biyan mutum, ba ka sanin riba ko asarar ciniki sai ka bi wanda aka bayar. A ranar 1 ga Agusta 2016 Dodgers ta karɓo mai jifa Josh Fields daga Houston, ta ba da wani yaro ɗan Kuba da ta ɗauka makonni kaɗan kafin nan a kan dala miliyan biyu, ko wasa ɗaya bai yi mata ba. Babu wanda ya ɗaga kai. Yaron shi ne Yordan Álvarez, gwarzon sababbin 'yan wasa na ɗaya ɓangaren, American League, a 2019, wanda bugunsa a wasa na shida na World Series ya taimaka wa Houston ɗaukar kofin 2022. Fields kuwa, a World Series ta 2017, 'yan Houston ɗin ne José Altuve da Carlos Correa suka fitar masa da ƙwallo biyu a jere. Tsofaffin magoya baya kuma har gobe ba su huce da ba da Pedro Martínez ga Montreal a 1993 don karɓo Delino DeShields ba.

Ita ma Dodgers ta sha tsintar dami a kala. New York Mets ta saki Justin Turner a ƙarshen 2013, ya zo da kwantiragin ƙaramar lig, ya zama ginshiƙi na shekara tara. Oakland ta sallami Max Muncy a 2017, ya yi shekarar a Oklahoma City, a 2018 ya fitar da 35. Don haka ƙaramin layin nan da ke cewa an ɗauki wane a kwantiragin ƙaramar lig, wanda kowa ke tsallakewa don neman labarin tauraron Dodgers Shohei Ohtani da kwantiraginsa na dala miliyan 700, ka riƙa karanta shi. Na Ohtani ma ba yadda ake faɗa ba ne: miliyan biyu yake karɓa a shekara, sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Abin da ya yi kama da kuɗin sauya sheƙa guda ɗaya ne, wanda ake biyan ƙungiyoyin Japan da Koriya, kamar sama da dala miliyan 50 da Orix ta karɓa a kan Yoshinobu Yamamoto.

Akwai wata ƙofar fita a Disamba da ake kira Rule 5. Yaron da aka ɗauka yana da shekara 18 ko ƙasa, in ya yi kaka biyar ba a sa shi cikin arba'in ba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi da dala 100,000. Wanda aka ɗauka yana da 19 ko sama, kaka huɗu. Sharaɗin shi ne ta riƙe shi a cikin 26 ɗinta duk shekara, in ta kasa ta yi tayin mayar da shi a rabin kuɗin. Ta irin wannan ƙofar Pittsburgh ta ɗauke Roberto Clemente daga hannun Dodgers a 1954 da dala 4,000.

Wajen karanta alƙaluman wanda ya sauka ko ya tafi, a yi hattara da wuri. Oklahoma City tana wasa da garuruwa masu tudu irin Albuquerque da Reno da Salt Lake, inda iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya da nisa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasuwa sosai. Mai bugu zai yi kama da dodo, mai jifa ya yi kama da wanda ya ƙare, duka biyun ƙarya. Haka ma bugun mako biyu ba hujja ba ne, sai mutum ya tsaya gaban mai jifa sau ɗari biyu ko uku kafin a fara magana. Kuma ɓacewa daga shafin MLB ba ritaya ba ce. Cikin tsofaffin 'yan Dodgers, Yasiel Puig ya ɓulla a Kiwoom Heroes ta Koriya a 2022, Hyun-jin Ryu ya koma Hanwha Eagles a 2024, wasu suna Japan ko Meksiko, wasu suna gasar hunturu ta Jamhuriyar Dominika daga Oktoba zuwa Janairu. Shafin Baseball-Reference na haɗa duk waɗannan a ƙarƙashin suna ɗaya.

Sai dai a tabbatar da sunan. Will Smith biyu ne, mai cafka na Dodgers da wani mai jifa bahago, har sun haɗu a 2020 na Dodgers ya fitar masa da ƙwallo. Max Muncy ma biyu ne, ɗayan yana Athletics, kuma su biyun ranar 25 ga Agusta aka haife su, shekara 12 tsakani.

Wasan dare a Los Angeles da ƙarfe 7:10 yake farawa, wato 3:10 na dare a Kano da Maraɗi, ya ƙare kusa da asuba. Ba dole ba ne a kashe barci a kansa. Na ranar Lahadi yawanci 1:10 na rana ne a can, 9:10 na dare a nan, shi ne mai kalluwa. Sauran ranakun, minti goma da safe sun isa: shafin shige da fice na ƙungiya tukuna, sannan sakamakon Oklahoma City, sannan na babbar ƙungiya.