Kwana huɗu a Alƙahira: wanda ya ce zai ga komai, titi kawai zai gani

Jama'a, da hutun ƙarshen shekara ya ƙarato za ku fara ganin tallan masu shirya tafiye-tafiye a zaurukan WhatsApp na Kaduna: kwana huɗu a Masar, a kai ka Giza, a kai ka Iskandariya, a leƙa Luksor, a hau jirgin ruwa a Kogin Nilu, a rufe da sayayya. Ni a ganina duk wanda ya biya kuɗin wannan, zaman mota ya saya da dalarsa. Daga Alƙahira zuwa Iskandariya kusan nisan Kaduna zuwa Kano ne, Luksor kuwa ta haura kilomita 600 a kudu. Ita Alƙahirar kanta, da garuruwan da suka manne mata, tana ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, kuma gosulonta ya sa na gadar Kawo ya zama wasan yara. Mai kwana huɗu ya tsaya a cikin birnin, ya raba shi shiyya-shiyya, kowace rana shiyya ɗaya. Wanda ya haye Nilu fiye da sau biyu a wuni ɗaya ya yi asarar wunin.

Rabin tafiyar nan tun a Kaduna ake gyara ta ko a ɓata ta. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ake nema, kuma kada ka sayi tikitin jirgin da ba a sauya masa rana alhali bizar ba ta shigo hannunka ba, don ba kai ke da iko da ranar fitowarta ba. Katin rigakafin cutar shawara ma dole ne ga mai fitowa daga Najeriya, kuma a nan mutane ke tuntuɓe: allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya yi ta ana jibi zai tashi, katin yana aljihunsa amma bai nuna ba tukuna. Jirgin kamfanin EgyptAir yana tashi daga Abuja da Kano kai tsaye, tafiyar wajen awa biyar. Idan ta Abuja za ka bi da jirgin ƙasan Rigasa, sauka a Idu, ita ta fi kusa da filin jirgi, kuma ka shiga Abuja ana gobe tashi. Kwanan otal ɗaya ya fi arha a kan tikitin da ya ƙone.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi kunyata mutanenmu. Manyan wuraren tarihin Masar, har da Giza, sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti tun 2023, da katin banki ake biya. Mutum zai tsaya a bakin ƙofa da damin fam na Masar a aljihu, a ce masa sai kati, ya miƙa katin naira, na'ura ta ƙi. To ka nemi katin asusun dala daga bankinka tun da wuri, ka gwada sayen wani abu da shi ta intanet kafin ka bar gida, don ka tabbatar an buɗe shi ga ƙasar waje. Tsabar dala kuma a riƙe sababbi marasa tabo ko yagewa, a canza a banki ko shagon canji mai lasisi. Canjin bayan fage laifi ne a can, kuma tun da aka saki farashin fam a watan Maris na 2024 babu wata ribar kirki a cikinsa. In ka canza, roƙi ƙananan takardu da yawa. Mai ajiye takalma a masallaci, mai gadin makewayi, mai ɗauko maka jaka, kowa na jiran na goro, su suna ce masa bakshish, kuma babbar takarda ba ta dawo da canji.

Abu biyu ƙanana: soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba, sai da adafta. Sannan kada ka karɓi sallahun ƙunshin da ba ka buɗe da hannunka ba, musamman magani. Tiramadol kaɗai ya isa ya kai mutum kurkuku a Masar.

Masauki a tsakiyar gari, kusa da dandalin Tahrir, shi na fi ba da shawara. Na san da yawa za su ce ai akwai ɗan ƙanena ɗalibi a Madinatu Nasr, can zan sauka. Zumunci ya yi kyau, amma unguwar tana gabas, Giza tana can yamma da kogi, za ka ratsa birnin gaba ɗaya safe da yamma, ga yaron ka raba shi da darasi. Daga Tahrir kuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna Sadat tana ƙofarka, akwai taragon mata zalla ga hajiyoyinmu, kuma Uber na aiki. Lambobin motocinsu da alƙaluman Larabci aka rubuta, to a nan karatun Islamiyya zai yi maka rana wajen gane motar da ka kira. Larabcin naka ma za su fahimta, kai ne dai za ka sha wuyar nasu, don jimun ɗinsu ga ce, ƙaf kuma sun haɗiye ta.

Ranar isowa ba a ƙirga ta. Washegari da sassafe, da an buɗe ƙofa, ka kasance a Giza, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, kafin kuma rana ta take, don filin hamada ne, inuwa sai ta dutse. Dalar Fir'auna Khufu, babbar cikin manyan kaburburan dutse uku da ke wurin, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Hoto ba ya nuna gaskiyarta sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse guda na sahun ƙasa ya kai maka ƙirji. Hawa kanta haramun ne a doka, kada ka gwada. Shiga cikinta kuma tikiti daban ne, kuma ba kowa zan ce ya saya ba. Za ka bi wani siririn rami mai hawa, a duƙe kamar mai ruku'u, ƙafarka na kan katakon da aka buga wa matakai, masu saukowa na gogar kafaɗarka, iska ta yi nauyi, gumi na ɗiga daga haɓa. Ramin ya buɗe zuwa wani dogon soro mai tudu, ka ƙarasa wani ɗaki na dutse wanda babu zane ko rubutu a bangonsa, sai akwatin dutse guda wanda ba komai a ciki. Matashi mai ƙarfin gwiwa ya shiga, abin gani ne. Dattijo mai ciwon baya, mai hawan jini, mai asma, ya zauna a waje bai rasa komai ba.

Masu raƙuma da dawakai kuwa sai an yi musu shiri. Ɗayansu zai tare ka da fara'a, ya tambayi ƙasarka, ya ce Najeriya 'yan'uwa ne, ya ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta. Ba kyauta ba ce. In kana son hawa, ku yanke magana kana tsaye a ƙasa: nawa, da fam ko da dala, minti nawa, zuwa ina, na mutum ɗaya ko na ku duka, kuma har da saukewa. Wannan ta ƙarshen ba raha ba ce, don raƙumi ba ya durƙusawa sai mai shi ya ce, kuma ciniki daga kan tozo ba ya yi wa mai saye daɗi. Kada ka biya sai ka sauka. In ba ka so, "la, shukran" sau ɗaya ka ci gaba da tafiya, tsayawa yin bayani shi ne buɗe ciniki. Wanda ya saba da Kasuwar Barci ba zai rasa yadda zai yi ba. Ka gangara wajen gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda suke kira Abul Haul, sannan bayan azahar ka wuce sabon babban gidan tarihin da ke kusan kilomita biyu daga nan, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025. Kayan kabarin Fir'auna Tutankamun sama da 5,000 suna can. Tikitinsa ka saye ta intanet tun kafin ranar. Sakkara, mai dala mai hawa shida wadda ta girmi na Giza, tana kudu kaɗan, amma ni zan bar ta sai wani zuwan.

Yanzu ga abin da ya fi kai Bahaushe Masar: gawar Fir'auna. Har gobe akwai masu zuwa tsohon gidan tarihin Tahrir, na 1902, su biya kuɗi su zagaya suna nema. An kwashe su. A watan Afrilun 2021 aka yi jerin gwano aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Can za ka je, a wani zaure na ƙarƙashin ƙasa mai dishi-dishin haske, kuma ba a ɗaukar hoto a cikinsa. Za ka ga Ramsis na biyu da ɗansa Marnabta, su biyun da aka fi alaƙantawa da zamanin Annabi Musa, alaihis salam. Sai dai babu allon da aka rubuta cewa wannan ne, masana ba su haɗu a kan ɗaya ba, don haka kada ka dawo Tudun Wada kana rantsuwa. Tunda kana Fusɗaɗ, masallacin Amru ɗan Asi na nan kusa, wanda aka kafa wajen shekarar 642, na farko a Masar, ko da yake ginin da ke tsaye yanzu an sha sabunta shi. Hubbaren Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan hijira, shi ma ɗan taƙi ne a mota. Wuni guda ya ishi ukun.

Rana ta uku ta ganuwar Salahuddin ce, wadda aka fara ginawa a 1176, da masallacin Muhammad Ali a samanta inda ake hango birnin. Kowa na zuwa nan. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne gangarowa masallacin Sultan Hasan na zamanin Mamluk, mai makarantu huɗu na mazhabobi huɗu a kusurwoyinsa, sannan ya ƙarasa na Ibn Ɗulun da aka gama a 879. In da za a ce in zaɓi gini ɗaya a birnin, wannan zan ɗauka: fili ne fetal, shiru kamar ba a Alƙahira ba, ga hasumiya mai matakala da ta naɗe ta ta waje.

Azhar a bar ta a ƙarshe, da ita da titin Mu'izz da kasuwar Khan Khalili, duk a ƙafa ake yin su. An aza harsashin Azhar a 970, shekara guda bayan kafa sabon birnin Alƙahira kusa da tsohuwar Fusɗaɗ. Kada ka shige ta kamar baƙo: a cikinta an daɗe da ware sashen ɗaliban Barno, kuma daga wannan birni Imam Suyuɗi, wanda ake jan tafsirinsa a masallatanmu da azumi, ya aika wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha fiye da shekara 500 da suka wuce. In ranar ta faɗo Juma'a, je da wuri don sahu na cika, kuma ka sani Juma'a da Asabar ne hutunsu, da safiyar Juma'a titi fayau yake. Sayayya a yi ta bayan la'asar a wannan rana kaɗai, in ba haka ba jallabiya da turare za su cinye kwanakin. Farashin farko a Khan na baƙi ne, taya rabi ko ƙasa da haka, in ya ƙi ka juya.

Lokacin zuwa kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyin darensu a Janairu ya fi na hunturun Zariya cizo, a tafi da rigar sanyi ta gaske da safa. Daga Maris zuwa Mayu akwai iskar ƙura mai zafi da suke kira khamasin, daga Yuni kuma zafin Giza ba na yawo ba ne. Da azumi wuraren tarihi na rufewa da wuri. Ruwan gora za ka sha, abinci kuma koshari da ful da ɗa'amiyya suna da arha da riƙe ciki, amma ɗanyen ganye na bakin titi a bar shi, kwana huɗu ba su da rarar ranar gudawa. Ranar komawa ka duba agogonka da kyau, Masar na gabanmu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu, filin jirgin kuma yana can arewa maso gabashin birnin. Bar otal awa huɗu kafin tashi.