Tiyatar rage ƙiba ga iyayenmu: kada a tsaya a shekaru

Jama'a, in aka tayar da zancen tiyatar rage ƙiba a gidajenmu na Agege da Idi-Araba a Legas, amsar da na fi ji ita ce: "Hajiya ta manyanta, a bar ta haka." Ni ban yarda ba. Uwa ta haura sittin, ciwon gwiwa ya sa sallah sai a kan kujera, ga sukari, ga hawan jini, bene ɗaya sai ta tsaya ta huta kafin ta kai sama. Haka za a zuba mata ido?

A 2022 ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka da takwararta ta duniya sun sabunta ƙa'idojinsu, kuma ba su yanke shekarun da za a ce mutum ya wuce ba. Ƙarfin jiki suka ce a auna. A aikin da aka fi yi, ana cire kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi ta ƙananan huji a ciki. Ƙibar dattijai tana raguwa, ko da yake ba kamar ta matasa ba. Sukari da hawan jini kan yi sauƙi, amma wanda ya daɗe yana allurar insulin ba lallai ya rabu da ita ba. Haɗarin kuma ya ɗan fi na matashi, wannan a faɗa wa Hajiya ƙarara.

Abin da ke damuna shi ne bayan an sallamo su. Ba kitse kaɗai ke zubewa ba, har tsoka, ƙashi ma yana rauni. Dattijon da ya rame ba ƙarfi, santsin banɗaki kawai zai karya masa ƙugu.

'Ya'ya sai su haɗa kuɗi a kai Baba Indiya ko Masar, a dawo ana barka, kowa ya koma kasuwarsa. To wa zai kula da makonnin da ruwa-ruwa kawai zai sha? Wa zai sa ƙwai, kifi, wake da nono a gaban tuwo, tunda loma kaɗan ke ƙosar da shi? Bitamin B12, sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuwa har ƙarshen rayuwa ne, da gwajin jini lokaci-lokaci. Batun azumi ma likita za a tambaya, ba maƙwabta ba.

Don Allah, kafin a sayi tikiti, a samu likita a nan Legas da zai ci gaba da duba su, a kuma tsayar da wanda zai riƙe girkinsu a cikin 'ya'ya.