Mai kaya shi ke biyan dako

A Disambar 2023, mahukuntan gundumar Prince William a jihar Virginia ta Amurka sun shafe kusan awa 27 suna sauraren jama'a. Abin da ya hana su barci shi ne ko za a bari a gina jerin rumbunan adana bayanai, manyan gine-ginen nan marasa taga da aka cika da kwamfutoci, a gefen filin yaƙin tarihi na Manassas. Da ƙyar aka amince, a 2025 kuma kotu ta soke izinin.

Masu goyon baya ba banza suke magana ba. Maƙwabciyarsu Loudoun ta tara arziki da harajin irin waɗannan gine-gine. Sai dai harajin a gunduma ɗaya yake tsayawa, takardar kuɗin wuta kuwa har gidan wanda bai taɓa ganin ginin ba take zuwa.

PJM, mai kula da babban layin wuta na jihohi 13, ciki har da Virginia, da birnin Washington, kan yi gwanjo don a biya tashoshin wuta su zauna cikin shiri saboda ranar da buƙata za ta kai maƙura. A gwanjon Yulin 2024, farashin megawat ɗaya a rana ya tashi daga kusan dala 29 zuwa kusan 270. Da shekara ta zagayo ya kai 329. Rufe tsoffin tashoshi da jinkirin jona sababbi sun taimaka, amma masu sa ido kan kasuwar sun ɗora kaso mafi tsoka a kan rumbunan, waɗanda ke zuƙar wuta dare da rana. Kuɗin kuma a kan kowa ake raba shi.

Duk wanda aka taɓa yi wa karo-karon gyaran taransifoma ya san zafin nan. Mai walda da mai injin niƙa su ƙona shi, washegari a zo da littafi a buga ƙofar tsohuwa mai ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya.

Ni ban ga amfanin cewa a hana ginin ba, tunda mu ma da muke ƙorafi a Facebook ta cikinsu maganarmu ke bi. Abin da jihar Ohio ta yi ya fi kwanta mini. A Yulin 2025 hukumar da ke ƙayyade kuɗin wuta a can ta amince cewa sabon rumbun da ya nemi fiye da megawat 25 daga kamfanin wuta na AEP Ohio zai riƙa biyan aƙalla kashi 85 cikin 100 na abin da ya nema har shekara 12, ko ya sha wutar ko bai sha ba. Dalili kuwa, kamfanin da ke son gina rumbu kan kama layi a wurare da dama, a ja waya a kafa turaku dominsa, sannan ya zaɓi wuri ɗaya ya bar sauran da bashi. Manyan kamfanonin fasaha sun ja da wannan sharaɗi sosai, suna cewa an ware su. Ai kuwa an ware su, don babu gidan burodin da ke neman megawat 25.