Ɓacin ran yini ɗaya daban, ciwon damuwa daban

Na karanta wani labari a kan damuwa. Maganar marubucin cewa tattaki da isasshen barci suna yaye ƙunci gaskiya ce, na gwada na gani. Ni tela ne. Gab da Sallah in na kwana uku a kan keke ido biyu, yaro ko ruwa ya zubar sai in ji kamar in rufe shi da duka. Ranar da na lura 'yata ta daina rugowa ta tarbe ni a zaure, jikina ya yi sanyi. Yanzu da raina ya ɓaci nakan ajiye almakashi, in sha ruwan randa, in yi alwala, in taka zuwa bakin titi in dawo. Ai Manzon Allah (SAW) ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Amma labarin ya cakuɗa abu biyu: ɓacin ran yini ɗaya da ciwon damuwa. Wanda ya haura mako 2 ba ya jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace masa, likita yake buƙata, kuma ga asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware. Kai kuma ɗan'uwa da ka yi sharhi a kan labarin wai ciwon damuwa duk raunin imani ne, ka ji tsoron Allah. Irin wannan furucin ne ke sa mai jego ta haɗiye abin da ke cinta ta yi shiru. Mai ciwon suga ma haka kake ce masa?