Koci, wa ke duba aikinka?

Yanzu duk inda ka leƙa a Facebook ko Instagram sai ka ci karo da koci: na aure, na kasuwanci, na tarbiyyar yara. Da yawansu suna taimakon jama'a tsakani da Allah. Abin da ke damuna shi ne mutum ya riƙa karɓar sirrin mutane yana juya musu akalar rayuwa, amma shi ba shi da wani da zai je gabansa ya ce, "Ga yadda na yi, ka duba mini."

Inda sana'ar ta kafu ba haka ake yi ba. Ƙungiyar kociyoyi ta Turai mai suna EMCC tana so koci ya yi zaman awa 1 da ƙwararren mai duba aiki bayan kowace awa 35 da ya yi da mutane, kuma kada ya gaza awa 4 a shekara. Ita kuwa ICF, ƙungiyar kociyoyi ta duniya da aka kafa a Amurka a 1995, sai mutum ya kawo awa 40 na ƙarin ilimi duk shekara 3 kafin ta sabunta masa takardar shaidar ƙwarewa, kuma tana ƙirga har awa 10 na irin wannan zama a ciki. Daga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jin daɗin jama'a aka aro al'adar.

Ba tuhuma ba ce, ba kuma raini ba. Limamin tarawihi ma, komai ƙarfin haddarsa, akwai mai ja masa baki a sahun farko.

Ga mace ta zo kan maganar jarinta na atamfa. Zama na uku ta ce ta daina barci, abinci ba ya shiga, tana magana hawaye na zuba. Koci ya ce ta ƙara himma, ya ba ta jadawalin talla na mako. Mai duba aiki da zai ji wannan, ba tare da an faɗa masa sunanta ba, tambaya ɗaya zai yi: "Har yanzu wannan aikinka ne, ko na likita?" Haka wadda aurenta ya mutu da ciwo, ta koma kocin aure, duk mijin da aka kawo ƙararsa, fuskar tsohon mijinta take gani. Wallahi ba za ta gane hakan da kanta ba, sai wani ya nuna mata, kuma gidajen mutane ne a hannunta.

Na san ƙwararrun masu duba aiki suna da tsada, kuma ba su da yawa a wajenmu. To a fara da abin da ke hannu. Bayan kowane zama koci ya ɗauki minti goma ya rubuta abin da ya faru, abin da ya ji a ransa, da inda ya katse mutum da nasiha alhali saurare ake bukata. Kociyoyi huɗu ko biyar su riƙa haɗuwa wata-wata, ko ta waya ce, kowa ya kawo matsalar da ta gagare shi, a ɓoye sunaye.

Ke kuma 'yar uwa, kafin ki tura kuɗin rajista, tambaye shi wa yake kai wa aikinsa, kuma yaushe rabonsa da zuwa.